Kama Da Wane Ba Ta Wane: Karkandar Da Ta Tona Asirin Masu Kwaikwayon Kwamfuta

A farkon shekarun 1990, wani matashi mazaunin birnin Groningen na ƙasar Holan, mai suna Gerton Lunter, ya rubuta dogon bayani ga masu amfani da wata manhaja da ya gina. A tsakiyar bayanin, cikin lambobi da lissafe-lissafen da ke sa mutum hamma, akwai wata magana mai ban dariya. Ya ce a cikin wani wasan kwamfuta mai suna Sabre Wulf akwai karkanda, kuma muddin aka kuskure wa wata 'yar alama guda ɗaya tak a cikin lissafi, to sai ka ga karkandar nan ta kama tafiya da baya, ko kuwa ta shige lungu ta yi ta kewaye wuri guda kamar akuyar da aka ɗaure a turke.

Wasan ba shi da laifi. Tun 1984 da kamfanin Ultimate Play the Game ya fitar da shi yaran Ingila suke gudun wannan karkanda a dajin da ke cikin akwatin talabijin, kuma hanyarta take bi daidai. Laifin na mai kwaikwayo ne. Abin da Lunter ya gina wata manhaja ce da ke sa kwamfutar ofis ta wancan zamani ta ɗauki kanta a matsayin wata ƙaramar tsohuwar kwamfutar gida da ake kira ZX Spectrum, ta yadda duk abin da aka rubuta wa tsohuwar zai yi aiki a kan sabuwar ba tare da an sauya masa ko wasali ba. Irin wannan ita za mu kira manhajar kwaikwayo a wannan rubutu. A ganina labarin yadda aka soma gina ta, musamman yadda aka riƙa gwada ta, ya cancanci mai karatu ya ba shi 'yan mintuna, ko da bai taɓa ɗora ido a kan Spectrum ba, ko da kuwa wasan kwamfuta a wurinsa aikin yara ne. Domin da yawa daga cikin abin da ɗan Adam ya ajiye a kwamfuta, ranar da na'urar da ta san karatunsa ta mutu, makomarsa tana komawa hannun irin waɗannan masu kwaikwayo ne.

Bari mu soma da na'urar kanta. Kamfanin Sinclair Research da ke Kambirij, mallakar Clive Sinclair, shi ya fitar da ZX Spectrum ranar 23 ga Afrilu, 1982. 'Yar baƙar akwati ce da ba ta fi littafi girma ba, maɓallanta na roba. Ba ta da allon kanta sai an jona ta da talabijin ɗin falo, ba ta da faifai sai an jona ta da rakoda mai kaset. Mai ma'adanar kilobayit 16 fam 125 ake sayar da ita, mai kilobayit 48 kuwa fam 175. Wannan arha ita ta shigar da ita gidajen talakawa, har aka sayar da sama da miliyan 5 kafin a daina ƙera ta a 1992, bayan ta koma hannun kamfanin Amstrad wanda ya saye harkar kwamfutocin Sinclair a 1986. An rubuta mata manhajoji sama da 20,000, mafi yawansu wasanni, da yawa kuma samari ne suka rubuta su a ɗakunan kwanansu.

To amma arha ba ta zuwa haka kawai. Domin a rage kuɗi, injiniya Richard Altwasser ya cusa aikin nuna hoto, da fitar da sauti, da karanta maɓallai, da sauraren kaset, duk a cikin ƙwayar lantarki guda ɗaya da ake kira ULA, wadda kamfanin Ferranti ya ƙera. Ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kuwa ita ce masarrafar Z80 ta kamfanin Zilog, wadda ta fito tun 1976, agogonta na bugawa sau miliyan 3.5 a kowane sakan. Mai karatu ya riƙe sunayen nan biyu, ULA da Z80, domin duk rigimar da ke tafe tsakaninsu take.

A takarda, aikin kwaikwayo ba shi da wani wuya. Masarrafa ba ta san komai ba sai ɗauko umarni daga ma'adana, ta duba abin da yake nufi, ta aikata, ta wuce na gaba. Kamfanin Zilog kuma ya wallafa littafi da ya jera umarnin nan ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi abin da kowanne ke yi da yawan bugun agogon da yake ci. Ashe ke nan sai mutum ya buɗe littafin, ya rubuta wa sabuwar kwamfuta kwatankwacin kowane umarni, shi ke nan. Haka duk magina na farko suka soma. Akwai Lunter da manhajarsa da ya raɗa wa suna Z80, akwai Arnt Gulbrandsen ɗan ƙasar Norwe da tasa mai suna JPP. Sunan nan na JPP ma akwai raha a cikinsa: a kan Spectrum, idan za ka ɗora wasa daga kaset, maɓallin J kake latsawa ya rubuta maka umarnin ɗorawa, sannan ka latsa P sau biyu domin alamar zance. Duk yaron da ya taɓa riƙe na'urar, yatsunsa sun haddace waɗannan haruffa uku.

Ranar farin cikin mai ginin ita ce ranar da farin allo ya bayyana da rubutun haƙƙin mallakar Sinclair na 1982 a ƙasansa. Wannan alama ce cewa babbar manhajar na'urar, mai kilobayit 16, ta tashi, ta binciki ma'adana, ba ta gane cewa yaudararta ake yi ba. Daga nan sai a soma ɗora wasanni, daga nan kuma murna take komawa ciki. Wani wasan ya yi aiki sumul, wani ya daskare, wani ya watsa launuka a allo ya mayar da kai farko. Mafi ban haushi shi ne wanda zai yi aiki daidai har ka saki jiki, sai can cikin tafiya ka ci karo da karkanda tana baya-baya.

Ga abin da ya faru da ita. Duk lokacin da Z80 ta gama wani lissafi, tana ɗaga wasu 'yan tutoci da ke nuna halin sakamakon: ko sifiri ne, ko ya yi ƙasa da sifiri, ko an yi ragowa. Gurabun tutocin takwas ne, amma shida kawai Zilog ya yi wa bayani, ya bar na 3 da na 5 ba su da suna. Haka kuma akwai wani umarni mai suna BIT, wanda littafin ya ce bayan an aiwatar da shi ba a san halin da tutar ƙasa-da-sifiri za ta kasance ba. Sai dai "ba a sani ba" magana ce ta marubucin littafi. Ita ƙwayar lantarki ba ta da wannan uzuri. Abu guda take yi kullum, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Mai rubuta wasa kuwa ba littafi yake tambaya ba, na'urar da ke gabansa yake tambaya. Ya gwada, ya ga ta yi abin da yake so, sai ya buga a kaset ya kai kasuwa. Lunter ya kawo misali na biyu, wasan Ghosts'n Goblins, wanda ya ce ya dogara da wata tuta marar bayani ne saboda kuskuren mai rubutawa. Wato kuskure ya faɗa kan ɗabi'ar da ba a rubuta ba, suka rufa wa juna asiri shekara da shekaru, sai da mai kwaikwayo ya zo da littafinsa a hannu sannan asirin ya tonu.

A nan ne nake ganin zuciyar al'amarin take. Wanda aka ba tsohon littafi ya kwafe, idan ya ga abin da yake zaton kuskure ne ya gyara shi a ɓoye, ya ci amana, ko da gyaran nasa daidai ne. Haka mai kwaikwayon na'ura. Ba a ɗora masa gina Spectrum yadda ya kamata ta kasance ba; an ɗora masa gina ta yadda take, da gurguntarta da tabonta.

Wasu kuma da gangan suka shiga wannan duhu. Masu rubuta wasanni sun gano cewa akwai umarni da dama a cikin Z80 da suke aiki amma Zilog bai lissafa su ba, suka riƙa amfani da su don samun sauri. Kamfanoni kuma, saboda tsoron masu kwafar kaset su sayar, suka ƙirƙiro makullai irin su Speedlock, waɗanda ke rikita manhajar yadda ba za ta karantu ba sai ta warware kanta a lokacin ɗorawa. Ɗaya daga cikin dabarun irin waɗannan makullai ita ce amfani da wani ɗan ma'ƙirgi mai suna R da ke cikin masarrafar, wanda ainihin aikinsa sabunta ma'adana ne, yana ƙaruwa duk lokacin da aka ɗauko umarni. Suka mayar da shi mabuɗi. Idan ƙidayar mai kwaikwayo ta saɓa da ɗaya tak, abin da zai fito shara ce. Makullin da aka yi don ɓarawo sai ya koma jarrabawa ga mai adanawa.

Duk wannan wasa ne idan aka kwatanta da batun lokaci. ULA da Z80 suna tarayya a kan kilobayit 16 na farko na ma'adana, inda hoton allo yake, tamkar kishiyoyi biyu a kan murhu ɗaya. Ita ULA ba ta iya jira, domin hasken da ke zana hoto a talabijin ba ya tsayawa kowa. Saboda haka duk lokacin da Z80 ta miƙa hannu wurin alhali ULA na ɗiba, sai a tsayar mata da agogo ta jira. Jiran ba na ka-ci-ka-ci ba ne, tsari gare shi: bugu 6, ko 5, ko 4, ko 3, ko 2, ko 1, ko babu, gwargwadon daidai lokacin da ta zo. Kowane hoto guda yana cin layi 312, kowane layi bugu 224, jimla bugu 69,888, sau hamsin da ɗan ɗoriya a sakan. Masu wayo suka zauna suka ƙidaya bugun nan, suka riƙa sauya launi daidai lokacin da hasken ya iso wani layi, har suka sa na'urar ta yi abin da maƙeranta ba su tsara mata ba. Wasan Aquaplane na 1983 ya shahara da wannan: layin da ya raba sama da teku yana miƙewa har cikin gefen allo, inda a ƙa'ida launi guda kawai ake iya sawa. Idan lissafin lokacin mai kwaikwayo ya goce, sai ka ga teku ya karye, gefe daban tsakiya daban. Don haka ya zama ɗaya daga cikin ma'aunan da ake ɗorawa da farko.

Akwai ma wanda ya fi wannan. Idan aka tambayi wata ƙofar shigar bayani wadda babu abin da aka jona mata, Spectrum ta asali takan dawo da duk abin da ULA ke ɗauka a wannan ƙiftawar. Aibu ne na ƙira, ba wani ya nufe shi ba. Amma wasanni irin su Arkanoid suka mayar da shi agogo, suna leƙawa don su san inda hasken ya kai. Da Amstrad ya sake fasalin na'urar ya fitar da samfurin +3 a 1987, sai wannan ɗabi'a ta ɓace, Arkanoid na asali ya ƙi aiki a kanta. Mai karatu ya lura: kamfanin da ya mallaki na'urar, da injiniyoyinsa da takardunsa, shi ma bai iya kwaikwayon Spectrum daidai ba. Ina ga ɗalibin da ke zaune a ɗaki da littafi guda?

Sai kuma wata tambaya ta taso: wace Spectrum ma ake kwaikwaya? Mai kilobayit 128 hotonta bugu 70,908 yake ci. Pentagon, wadda aka riƙa haɗawa a Rasha ba tare da izinin kowa ba, nata 71,680 ne, kuma babu jiran kishiya a cikinta sam. Hatta mai 48 ɗin, bugu na biyu da na uku na allon wayoyinta sun saɓa wajen amsar da suke bayarwa idan aka karanta maɓallai, har wasu tsofaffin wasanni suka ƙi jin umarni a kan na ukun. Dole Lunter ya sa wani zaɓi a manhajarsa inda mutum zai ce a yi masa irin ta bugu na biyu.

Kada a ɗauka magina na farko ba su san da wasu daga cikin waɗannan ba. Ƙarfi ne ba su da shi. Kwamfutocin 286 da 386 da suke aiki a kansu sai sun aiwatar da umarni da yawa kafin su biya umarni guda na Z80, don haka kowace ƙidaya da aka ƙara tana rage gudu. Suka rubuta manhajojin da harshen na'ura tsantsa, suka zaɓi abin da za su bari. Da babu gara ba daɗi.

Idan ana maganar ƙarancin kayan aiki, babu labarin da ya kai na mutanen Sarajevo. Birnin ya kasance a kewaye da makamai daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996, a lokacin yaƙin Bosniya. A cikin wannan hali, a 1993, wasu samari biyu, Željko Jurić da Samir Ribić, suka soma gina tasu manhajar kwaikwayon Spectrum a kan tsofaffin kwamfutoci, suna aiki a ɗan lokacin da aka kawo wuta, galibi cikin dare. Suka sa mata suna Warajevo, haɗin kalmar Turanci mai nufin yaƙi da sunan garinsu. Mu da muka san zaman jiran wuta, muka san yadda mutum ke zabura ya kunna na'ura da zarar ƙwai ya haska, za mu fahimci rabin wahalar; ɗaya rabin, na harsasai da yunwa, Allah Ya kiyaye mu da saninsa. Manhajar ta fito, ta kuma yi suna musamman wajen sarrafa kaset. Dukansu biyu daga baya sun zama malamai a tsangayar injiniyan lantarki ta Jami'ar Sarajevo. Shi ma Lunter ya yi digirin digirgir a lissafi, ya koma binciken ƙwayoyin gado a Oksfod, inda ya gina manhajojin karanta jerin DNA. Amma tsarin ajiya na .z80 da ya ƙirƙiro yana nan ana amfani da shi har gobe.

Mu koma kan gwaji. A shekarun farko hanya ɗaya ce: ɗora wasa ka zuba ido. Masu amfani da manhajar su ne masu gwajin, su aiko da wasiƙa su ce wasa kaza ya ƙi tashi, mai ginin ya bi sawu har ya gano umarnin da ya yi tuntuɓe. Hanyar ta yi amfani, ita ce ma ta kama karkanda. Rauninta shi ne ta dogara da ido da tunawa. Mutumin da rabonsa da wasa shekara goma, yaya zai rantse cewa da can haka kiɗan yake, ko haka abokin gaba ke juyawa? Kuma kuskuren da babu wasan da ya taka shi a cikin waɗanda aka gwada, yana nan kwance yana jiran ranarsa.

Canji na gaske ya zo a 1994 daga hannun Frank Cringle, wanda ba ma Spectrum yake kwaikwaya ba, wata manhajar kwaikwayon Z80 ce yake ginawa mai suna YAZE. Ya rubuta wata manhajar jarrabawa da ke ɗaukar kowane rukunin umarni, ta aiwatar da shi da dubban lambobi daban-daban, ta tattara duk sakamakon, har da halin tutoci, ta matse shi ya zama lamba guda. Sai aka gudanar da jarrabawar a kan Z80 ta gaske aka rubuta lambobin da ta bayar. Daga nan duk mai kwaikwayo sai ya gudanar da ita a kan tasa: in lambarsa ta yi daidai da ta na'ura ya ci, in ta saɓa ya faɗi, babu roƙo babu alfarma. Iri biyu ake amfani da su, zexdoc mai duba tutocin da ke cikin littafi, da zexall mai duba dukkansu. A kan na'urar asali jarrabawar sa'o'i take ci. Ba ta gaya maka inda ka yi kuskure, ce maka kawai take yi akwai kuskure a rukuni kaza, sauran aiki naka ne.

Muhimmancin wannan ya wuce na dabara. Hujja ce ta tashi daga littafi ta koma kan na'ura. Gani ya kori ji. Daga nan aikin ya soma kama da binciken kimiyya: a yi zato, a rubuta gwaji, a tambayi na'ura, a rubuta amsarta don na baya. Sean Young ya tattara irin waɗannan amsoshi a wata doguwar takarda kan ɓoyayyun ɗabi'un Z80 wadda ta zama madogara. Philip Kendall ya soma manhajar Fuse a 1999, ya bar rubutunta a buɗe kowa ya karanta ya gyara, tare da jerin gwaje-gwajenta.

Duk da haka na'urar ba ta gama faɗin abin da ke cikinta ba. Sai a 2006, shekara 30 bayan fitowar Z80, wasu masu bincike daga Rasha, ciki har da Vladimir Kladov, suka warware daga ina tutoci na 3 da na 5 ke samun ƙimarsu bayan wani nau'in umarnin BIT: ashe daga wani ɓoyayyen aljihu ne a cikin masarrafar, wanda suka kira MEMPTR, wanda babu umarnin da ke karanta shi kai tsaye. A 2010 Chris Smith ya wallafa littafi sukutum a kan ULA, bayan ya bi hotunan cikin ƙwayar da aka ɗauka da madubin ƙara girma ya zana wayoyinta. A 2012 Patrik Rak ya nuna cewa wasu umarni biyu na tutar ragowa suna sauya hali gwargwadon ko umarnin da ya gabace su ya taɓa tutoci ko bai taɓa ba, abin da jarrabawar Cringle ba ta kama ba. An kuma tabbatar cewa Z80 ɗin da Zilog ya ƙera da waɗanda wasu kamfanoni irin su NEC suka ƙera ba su amsa wannan tambaya iri ɗaya, alhali duk an saka su a cikin Spectrum an sayar.

Wani zai ce wannan ai wuce gona da iri ne, wa zai damu da tutar da ba ta da suna? Amsar tana wurin karkanda. Ba wanda ya san wace ɗabi'a ce wata manhaja a cikin 20,000 ta jingina da ita sai ranar da ta faɗi.

Batun izini bai ba da wahala sosai ba. Amstrad ya yarda a riƙa rarraba babbar manhajar Spectrum tare da manhajojin kwaikwayo, muddin ba a goge rubutun haƙƙin mallaka ba kuma ba a sayar da ita kanta ba, kamar yadda ma'aikacinsa Cliff Lawson ya bayyana a 1999. Kaset ne ya fi cin rai. Da farko hoton ma'adana ake ɗauka, wato a tsayar da wasa cak a kwashe duk abin da ke ciki. Tsarin .sna mai bayit 49,179 ma sai ya taka bayit biyu na ma'adanar kafin ya ajiye inda aka tsaya, kuma irin wannan hoto ba ya riƙe yadda kaset ɗin yake ɗoruwa, balle sassan wasan da sai an ci gaba ake ɗorawa. Daga baya Tomaž Kac ɗan Sulobeniya ya fito da tsarin TZX, wanda ke rubuta tsawon kowane bugun sauti da ke kan kaset. A ƙa'idar na'urar, sifiri bugun sauti biyu ne masu tsawon bugun agogo 855 kowanne, ɗaya kuwa biyu masu 1,710. Amma kowane makulli da nasa salon, kuma TZX yana adana makullin tare da abin da ya kulle. Mai so yana iya zama ya jira mintuna huɗu ko biyar ɗin da yaran 1984 suke jira, da layukan launi suna rawa a gefen allo.

Wanda har yanzu yake ganin abin bai wuce wasa ba, ya dubi abin da ya sami BBC. A 1986, domin cika shekara 900 da rubuta littafin Domesday, wanda Sarki William ya sa aka ƙididdige ƙasar Ingila a cikinsa a 1086, BBC ta tattara hotuna da taswirori da rubuce-rubuce daga mutane sama da miliyan guda, akasarinsu 'yan makaranta, ta zuba a manyan faya-fayan lesa biyu da wata kwamfutar BBC Master ta musamman ke karantawa. Kafin 2002 na'urorin da ke iya buɗe su sun kusa ƙarewa, alhali littafin fata na 1086 yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew ana karanta shi. Masu bincike na jami'o'in Leeds da Michigan, a ƙarƙashin shirin CAMiLEON, da manhajar kwaikwayo suka sake buɗe faya-fayan, kuma sun gina ta ne a kan wadda masu sha'awa suka riga suka rubuta don su buga tsofaffin wasanninsu. Mu ma nan ba baƙi ba ne ga ƙaramin nau'in wannan ciwo. Duk wanda ya buga rubutun Hausa a shekarun 1990 da haruffa na musamman masu ƙugiya, ya ajiye a filofi, ya zo buɗewa a kwamfutar yau, ya san yadda ɗ da ƙ da ɓ ke rikiɗa su koma wasu alamomi, in ma har ya sami inda zai zura filofin.

Abin da ke tayar da hankalin masu wannan aiki yanzu shi ne shaidun suna ƙarewa. Duk jarrabawar da muka ambata ƙarfinta yana kan samun na'ura ta gaske da za a tambaya. Spectrum mafi ƙuruciya ta haura shekara 30. Ƙwayoyin ma'adanarta samfurin 4116, masu buƙatar ƙarfin lantarki iri uku, sun yi suna wajen mutuwa. Ledar da ke ƙarƙashin maɓallai tana tsagewa. ULA an daɗe da daina ƙera ta, kuma wadda aka sauya wa ULA da ta zamani ba ta zama shaida a kan ta asali, domin ita ma kwaikwayo ce. Clive Sinclair ya rasu a watan Satumbar 2021. A watan Afrilun 2024 kuma Zilog ya sanar da masu saye cewa zai daina ƙera Z80 mai zaman kanta, ya ba su zuwa watan Yuni su kawo odarsu ta ƙarshe, shekara 48 bayan fitowarta.